Ƙarfen Lawali a Ƙarƙashin Motata

Na wuce Abalak da ɗan nisa, rana ta take, na ji wani abu ya ce ƙas! a ƙarƙashin motar. Na taka mai, inji na ihu, mota kuma ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Tun kafin in sauko na san abin da ya faru, don na daɗe ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a tashar Illela. Haƙoran aksil ɗin baya ne suka zube.

Wannan ce tafiyata ta farko da motar kaina. Tsohuwar akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ake shiga sahara da ita, kuma gonar albasar da na gada a Araba na sayar na saye ta. Alhaji Maigero, wanda rabin kayan da ke tsallaka iyakar garinmu nasa ne, ya yarda ya jarraba ni da lodi ɗaya: gero, taliya da man gyaɗa, in kai Dirku, can cikin rairayi bayan Agadas. Sharaɗinsa a fili yake. In na bi ayarin motocin da zai tashi daga Agadas a wannan makon na kai kaya lafiya, na zama direbansa da sunana. In ayari ya tafi ya bar ni, a sauke kayan a ɗora wa Lawali.

Lawali ɗan kawuna ne, taubashina kuma sa'ana. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi tuƙi a hannun maigida ɗaya. Ni na fi shi sanin inji, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Amma shi Allah ya yi shi da farin jini irin wanda ba a saye. In muka shiga wuri tare, shi ake fara ba kujera. In muka yi aiki tare, shi ake wa sannu. Ya riga ni shiga harkar sahara da shekaru, ya yi mota sabuwa fil, ya yi gida, har Innata in za ta yi mini nasiha da shi take buɗe baki. Kuma abin haushin, taubashi ne. Duk tsiyar da ya yi maka dole ka yi dariya, in ka ɓata rai a ce ba ka san zumunci ba. Na yi shekaru ina irin wannan dariyar har kumatuna sun gaji.

Ina tsugunne ina kallon baƙin mai yana ɗiga cikin ƙasa, sai ga wayarsa.

"Sahabi, ina kake? Ko tsohuwag ga ta kwanta maka bisa hanya?"

Na ce, "Lahiya lau take. Na tsaya sallah na."

"To Allah shi karɓa. In ta gaji ka goyo ta, muna nan muna jira."

Na yi masa dariyar da aka saba, na kashe wayar, na zagi tayar da ke kusa da ni.

Dabara ɗaya ce ta rage. Na kwance farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga inji zuwa aksil, na zare sandunan aksil ɗin biyu, don in lallaɓa da ƙafafun gaba kaɗai. Amma zare sandunan ya bar ramuka biyu a buɗe a tsakiyar tayoyin baya, kuma in yashi ya shiga nan an gama. Ina ta juye-juye ina neman abin toshewa, sai wani Buzu ya ɓullo daga cikin ƙayoyi da awakinsa. Dattijo ne, ba na ganin komai a fuskarsa sai idanu. Ya tsaya ya kalli aikin, ya juya ya tafi. Na ce a raina ko sannu babu. Can sai ga shi da wata tsohuwar salka ta fata da ta daina riƙe ruwa. Ya zaro wuƙa ya yanko faifai biyu daidai bakin ramukan, muka huda su muka ɗaure da ƙusoshin da na kwance. Ya hura wuta ya dafa shayi, ya ba ni, ya sake ba ni. Na ɗebo masa gero a kwano, ya karɓa ya ce, "Tahi sannu, ɗan Najeriya. Hanya ba ta gudu." Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba, kuma a duk tafiyar nan shi kaɗai ne mutumin da ya taimake ni ba tare da ya san Lawali ba.

Daga nan zuwa Agadas tafiyar kura na yi da ƙafar baya a karye. Jakuna na wuce ni. A kowane shinge jandarma sai ya leƙa fatar akuyar da ke manne a tayata ya kira abokinsa su yi dariya, sannan a nemi na shayi. Abincina ya koma busasshen burodi da ruwan jarka mai ɗumi. Inda duk na tsaya sai in tuna ranar kasuwar Illela, warin albasa da ihun 'yan canji, da tuwon Inna da miyar kuka da take sa wa man shanu in ta ga na dawo a gajiye. Na fara tambayar kaina wane tsautsayi ya raba ni da gonata.

Na shiga Agadas da hantsi, saura kwana kaɗan ayari ya tashi. A bakin garejin da direbobin sahara ke taruwa na tambayi wani mai shayi inda zan ajiye mota. Ya ce daga ina? Na ce Illela.

"Kai! Garin Lawali? Zamna, zamna. A kawo ma ɗan'uwan Lawali shayi!"

Haka na zama a garin nan. Babu wanda ya riƙe sunana Sahabi. Mai abinci ta ƙara mini nama don Lawali, mai gareji ya ba ni rumfa da jak kyauta don Lawali. Na ci, na sha, na gode, kuma kowace loma da ƙyar take wucewa.

Motarsa tana tsakiyar fili, fara tas, an ɗaga ta bisa wasu tayoyi masu faɗi da suka kai mini ƙugu. Direbobi na kewaye ta suna shafawa. Na yi kamar ban gan ta ba, amma da wutsiyar ido na ƙare mata kallo har ƙusa. Shi kuma ya taso da gudu ya rungume ni, yana ƙamshin turare, ni ina warin baƙin mai. Ya leƙa tayoyin motata ya ga fatar, ya riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku gani! Taubashina ya yi ma mota walki!"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Da na sauke ƙoƙon aksil ɗin na buɗe, ba abin da zai moru. A ciki akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora, da ƙaramin abokinsa da ke juya shi, mu a Illela kiraun da finiyo muke ce musu. Nawa babban haƙora talatin da bakwai gare shi, ƙaramin tara, kuma haka na aksil ɗin gaba yake. Doka ɗaya ce a motar da ke ja da ƙafa huɗu: na gaba da na baya dole su zo daidai. In suka saɓa, duk lokacin da ka haɗa ƙafafun huɗu, gaba na tafiyarta baya na tata, har sai wani abu ya karye a tsakani.

Aka nuna mini shagon wani dillalin kayan mota da ake ce wa Dogo. Mutum ne mai zaƙin baki, yana magana yana jan carbi. Ya shimfiɗa mini kaya iri uku a kan buhu. Na farko sabo ne a kwali, yana walƙiya, amma da na ɗaga na ji ba nauyi, na ƙwanƙwasa da sifana ya yi ƙarar gwangwani. Na ture shi. Na biyu ƙoƙo ne sukutum a haɗe, na hannu, an ciro daga wata mota da ta yi hatsari. Na uku shi ya tsayar mini da numfashi: talatin da tara da takwas, ƙarfe mai kauri, haƙoran sumul.

Dogo ya ga idona. Ya ce, "Ka san kaya. Irin na motar Lawali ke nan. Da shi yaka hawan tudu kamar yana tahiya masallaci."

Na sani. Irin wannan yana rage gudu a kwalta, amma yana ba mota ƙarfin juya manyan tayoyi a cikin rairayi. Na ɗauke shi na juya, na sa yatsa ina bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Na hango kaina a kan tudu, direbobi na nuna ni. Sai dai in na sa shi a baya dole in sa irinsa a gaba, in kuma sayi tayoyin da suka dace da shi, ni kuwa abin da ke aljihuna ko rabin hanya ba zai kai ni ba. Na san haka tun kafin in taɓa shi, amma na kasa ajiyewa.

Ina cikin wannan hali Lawali ya shigo shagon yana cin dabino.

"Aje wanga, ba sa'anka ba na," ya ce. "Mi kaka nema wurin Dogo? Lokacin da nis sa manyan taya na hidda nawa na asali, gaba da baya, suna nan ɗakina cikin buhu da mai. Talatin da bakwai da tara, lahiyarsu lau. Zo ka ɗauka, kwance na baka."

Kwance! A gaban Dogo, a gaban mutanen da ke zaune a benci. Na sayar da gonar ubana don in daina zama a inuwarsa, yanzu kuma in ɗaura abin da ya ci ya rage a ƙarƙashin motata? 

Na ce, "Riƙe tsummanka. Ni ba ni sa kwance."

Na jawo ƙoƙon nan na biyu. Babban faifan a fili yake, na ɗauki alli na yi wa haƙori ɗaya alama, na ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji: talatin da bakwai cif. Ƙaramin kuwa yana can a binne cikin ƙoƙon, ba a ganin sa sosai. Abin da ake yi shi ne a juya bakin da farfela ke kamawa, a ga juyi nawa zai yi kafin babban ya zagayo sau ɗaya. Na san wannan kamar sunana. Amma Lawali na tsaye a kaina yana tofar da ƙwallon dabino, ni kuma so nake ya ga na gama ciniki cikin ƙiftawar ido ba tare da shi ba. Dogo ya ce, "Daidai da naka na, wallahi ko uwa ɗaya ta haihe su sai haka." Na zazzage masa kuɗin sefar da ke jikina, na saɓa ƙoƙon a kafaɗa na fita.

Yini guda na yi ina ɗaurawa. Washegari da safe na fita bayan gari gwaji. Da ƙafafun baya kaɗai motar ta tafi sumul, har ta fi da sauri, na fara waƙa. Sai na sami wuri mai tauri na ja ƙaramin liba na haɗa ƙafa huɗu. Ban yi nisa ba sitiyari ya ƙage, motar ta fara tsalle tana kartar ƙasa, baya na tunkuɗa, gaba na turjewa. Na taka birki da sauri. Na ɗaga ta a jak, na yi wa farfela da taya alama da alli, na juya. A gaba farfela ta yi juyi huɗu da ɗan ɗori. A baya ko huɗun ba ta cika ba. Ƙaramin haƙora goma gare shi.

Na koma wurin Dogo. Bai ko daina jan carbinsa ba.

"Malam, ni nic ce ka saya? Kai kaƙ ƙirga da hannunka, da allinka, gaban shaidu. Lawali ma yana nan. A kira shi?"

Na ce kar a kira shi. Na nemi ko yana da mai tara, ya ce sai an aiko daga nesa, kuma ayari ba zai jira ba. Na zagaya duk shagunan garin, na leƙa har inda ake yanka matattun motoci. Babu. Da la'asar na dawo rumfata na tarar an fara ɗaure lodin sauran motoci, wasu 'yan dako biyu kuma suna tsaye kusa da tawa suna kallon buhunan Alhaji. An riga an gaya musu wataƙila a juye kayan a motar Lawali.

Na zauna a kan taya na daɗe. Na auna komawa Illela da mota ba lodi, ba gona, in wuce ta gaban shagon Alhaji. Na auna kuma zuwa ƙofar Lawali. Wallahi na farkon ya fi mini sauƙi a zuciya, ƙafafuna ne dai suka fi ni hankali.

Na same shi yana alwala. Na tsaya a gabansa. Na shirya wa tsiya, na ma tanadi dariyar da zan yi. Sai ya ɗaga kai ya dube ni, ya shiga ɗaki ya fito da buhun ya ajiye a gabana.

"Tun shekaranjiya na wanke su da kananzir," ya ce. "Ka yi sauri, gobe da hantsi a ka tashi."

Ko kalma ɗaya ta tsokana bai yi ba. Da ya yi, da na sami abin riƙewa a kansa.

Na buɗe ƙoƙon Dogo na zubar da abin da ke ciki, na ɗaura na Lawali. Wannan aiki ba a yin sa da gaggawa. Sai ka shafa wa haƙoran shuɗi, ka juya, ka duba inda suke cizon juna. In cizon ya yi sama ko ƙasa ka kwance, ka ƙara siririn zoben ƙarfen da muke ce wa wasa ko ka rage, ka sake. Na yi ta yi har shuɗin ya zauna a tsakiyar kowane haƙori daidai. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa yin aiki raina a ɓace kamar wannan ba.

Muka tashi da ayari. Bayan Agadas ƙasa ta ƙare, sai rairayi iya ganinka, zafi kuma na dukan rufin mota har ba ka iya taɓa shi. A wani babban tudu da kowa ke tsoro aka tsaya aka rage wa tayoyi iska. Lawali ya fara hawa, motarsa ta haye tana watsa yashi, ko canjin murya inji bai yi ba. Biyu da suka bi shi suka kafe a tsakiya, sai da aka tona aka shimfiɗa musu farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya. Da layi ya zo kaina na haɗa ƙafa huɗu, na yi bisimilla, na saki. Tsohuwata ta kama tudun a hankali, tana nishi, ba ta tsaya ba, ba ta zame ba, har ta ɗora hancinta a sama. Na ji hawaye na neman zubo mini. Na buɗe ƙofa na sauko ina jiran in ji sunana.

"Ƙarhen Lawali ba shi ƙarya!" wani ya ɗaga murya. Sauran suka ɗauka, suna bubbuga bayan Lawali.

Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ku bari. Ƙarhe ƙarhe na. Hannun Sahabi na yay yi aikin, duk cikinmu babu mai iya ɗaurin da yay yi."

Sai suka ce kai, dubi sauƙin kai irin na Lawali, mutum ya yi alheri kuma ya ƙi a yabe shi. Aka ƙara yabonsa a kan na farko.

Na kai kaya Dirku, ko buhu ɗaya bai yage ba. Na juyo da dabino da kanwa, na bi hanyar da na zo, Agadas, Abalak, Tawa, Ƙonni, na tsallako gida. A Abalak na rage gudu ina duba cikin ƙayoyi ko zan ga dattijon nan da awakinsa, ban gan shi ba.

Alhaji Maigero ya karɓe ni a shagonsa da fara'a. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya ce daga yau lodin Dirku nawa ne. Na durƙusa ina godiya, zuciyata fari ƙal, na ce ga shi dai na yi abu ɗaya da kaina.

"Ka gode ma ɗan'uwanka," ya ce. "Ni na so a juye kayan tun randa nij ji motarka ta lalace. Shi yab bugo min waya yac ce in bar maka, shi ya tsaya maka. In ba don Lawali ba, da ban yarda ba."

A gida na tarar Inna ta sa an kama zabi biyu an ɗaure, za a kai gidan kawu. Ta ce, "Ɗan albarka, Allah shi bar ku tare." Na ce amin, na ɗauki zabin da hannuna na kai.

Yanzu shekaru sun shuɗe. Na mayar da gonar albasa, ba waccan ba, wata a Garu. Na sake wa motar inji, na sake taya, na sake fenti. Ina da halin sayen sabbin haƙoran aksil gaba da baya duk ranar da na ga dama, amma a Illela ba ka cire lafiyayyen abin da ɗan'uwa ya ba ka, sai gari ya tambaye ka dalili. Dalilin nake jira. Duk direba ya san haƙoran aksil in sun fara gajiya kuka suke yi, wani siririn kuka da ke tashi in ka saki mai. Kullum in na fito daga gari na hau kwaltar Ƙonni, sai in kashe rediyo, in sauke gilashi, in ɗaga ƙafa daga kan mai, in kasa kunne. Shiru. Ni na ɗaura su da hannuna, kuma na iya aikina.